Ƙanwata ta daina barci saboda JAMB da WAEC, dan Allah ku ba ni shawara

Anti Hauwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema akan ƙanwata. Tana aji shida na sakandare, bana zata zana JAMB, WAEC na biye, NECO kuma na bayanta, kunga daga watan Afrilu har tsakiyar damina babu hutu kenan. Yarinyar nan tana da ƙoƙari wlh tun tana firamare, amma tunda aka yi musu rijista ta canza gaba ɗaya, bata barci, cikin tsakar dare zaka ganta zaune da fitilar waya tana juya littafi, abinci sai an yi da gaske take cin loma biyu, da safe tace zuciyarta na tashi, jiya kuma na same ta tana kuka wai duk abinda ta karanta a Kimistiri ya gudu ko ɗaya bata tuna ba. Baba kuma maganarsa ɗaya ce kullum, likita zata zama, har abokansa ya gama gaya wa. Ni duk na rasa ta inda zan ɓullo wa abin, tausayi take ba ni.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Anti kiyi haƙuri amma ni gani nake yaran yanzu an cika lallaɓa su. Mu ma mun zana jarrabawar nan, ba wuta ba fanka ga zafin Afrilu, da aci-bal-bal wasu suka yi karatu kuma suka ci. Tsoron faɗuwa ai shi ke tada mutum ya ɗauki littafi, wanda baya jin tsoro shi ne abin damuwa. Ku ƙyale ta, in an gama zata warware da kanta.

Nas Rabi:
Ɗan Fagge rabin maganarka gaskiya ce, ɗan faɗuwar gaba yana sa mutum ya nutsu ya maida hankali, babu mai musu. Amma wanda ya hana barci ya hana cin abinci har da tashin zuciya da safe ya wuce nan. In mutum ya firgita jikinsa na sakin sinadarai irin su adiranalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, tafin hannu yayi gumi, jini ya koma ga tsokoki aikin ciki ya ja baya, shi ya sa take jin amai kuma abinci baya shiga. A irin wannan halin ɓangaren ƙwaƙwalwar dake riƙe abu ana lissafi dashi baya aiki yadda ya kamata, sai kaga yaro ya san amsa sarai amma kai ya kulle, da ya fito daga ɗakin jarrabawa hankalinsa ya kwanta sai amsar ta faɗo masa a hanya. Karatun bai gudu ba, yana nan, firgici ne ya tare shi.
Sannan maganar barci, wlh ita ce ta fi damuna. Lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abinda aka karanta da rana, kuma masu shekarunta awa 8 zuwa 10 ake so su samu. Wadda take kwana zaune karatun ma baya zama. Anti Hauwa, ƙanwar taki tana shan wani abu ne don hana kanta barci?

Anti Hauwa:
Eh Nas, baƙin kofi take haɗawa bayan isha'i, wani lokacin har da goro take karɓa wajen Inna, ƙawayenta ne suka ce mata haka suke yi.

Nas Rabi:
To kinga ni. Sinadarin kafeyin dake cikin kofi da goro da lemukan ƙara kuzari ɗin nan, bayan kamar awa biyar da sha rabinsa na nan a jiki, wadda ta sha bayan isha'i ko ta kwanta barcin ba zai yi nauyi ba. Kuma shi kansa yana ƙara bugun zuciya da rawar hannu, ga ciki babu abinci, dole zuciya ta tashi da safe. Ku fara cire wannan tukuna, in ma sai ta sha to da safe bayan ta karya.

Malam Bala mai Kimistiri:
Slm. Na daɗe ina koyar da 'yan aji shida kuma duk shekara sai na ga irin wannan, abin mamaki kuma yawanci masu ƙoƙarin ne yake kamawa, don su ne aka ɗora wa buri. Bari in faɗi abinda nake gani daga ɓangarenmu.
Yawancin yaranmu abinda suke kira karatu shi ne su buɗe littafi su bi shi da ido daga farko zuwa ƙarshe, su sake komawa. Ido ya saba da shafin sai yaro ya ɗauka ya iya, ranar da aka rufe littafi aka tambaye shi sai yaji wayam, daga nan tsoro ya shiga, tsoron ya sa ya ƙara awannin zama, awannin su cinye barci, gobe abin ya fi na jiya muni. Maganinsa ta rage karantawa ta ƙara gwada kanta. Ta karanta babi ɗaya, ta rufe, ta ɗauki farar takarda ta rubuta duk abinda ta tuna, sannan ta buɗe ta duba inda ta bari. Da farko zata ga giɓi da yawa kuma ba daɗi, amma nan ne ainihin karatun yake. Sai tsofaffin tambayoyi na shekarun baya, ta dinga yinsu da agogo a gabanta.
JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2, Turanci 60, sauran darussa ukun 40 kowanne, maki 400 gaba ɗaya. In kika raba zaki ga kowace tambaya daƙiƙa 40 ce. Yaron da bai taɓa gwada kansa da lokaci ba ranar zai ga agogon kwamfuta na gudu ya rikice ko da ya fi kowa sani. Wanda ya saba a gida kuwa jikinsa ya riga ya san yanayin.

Ɗan Fagge:
Malam duk naji, amma ni har yanzu ina ganin akwai ƙarancin tawakkali a ciki. Wanda ya yarda cewa abinda Allah ya rubuta masa ba zai wuce shi ba me zai sa ya zauna yana kuka akan takarda? Ta dage da addu'a kawai.

Alaramma Na Tudun Wada:
Malam Ɗan Fagge a yi hattara da wannan maganar, kar yarinya taji a ƙara mata wani nauyin akan wanda take ɗauke dashi, ga tsoron jarrabawa ga tunanin imaninta ne ya yi rauni. Ka duba Suratu Ɗaha, lokacin da Allah ya aiki Annabi Musa da ɗan uwansa Haruna, amincin Allah ya tabbata a gare su, zuwa wajen Fir'auna, cewa suka yi ya Ubangijinmu muna jin tsoro, kuma Allah bai zarge su ba, ce musu yayi kada ku ji tsoro ina tare daku ina ji ina gani. Tsoro ɗabi'ar ɗan Adam ce. A cikin surar ne kuma addu'ar nan take, Rabbishrah li sadri wa yassir li amri, da kuma Rabbi zidni ilma, ta riƙe su bayan kowace sallah da kuma lokacin da zata zauna gaban takarda. Amma hadisin da Tirmizi ya ruwaito, mutumin da ya tambaya ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, Manzon Allah SAW cewa yayi ɗaure ta sannan ka dogara. Barci da abinci da tsarin karatu duk cikin ɗaurewar suke.
Kuma abinda Malam Bala ya faɗa mu a tsangaya da shi muka tashi. Ba a taɓa yin hadda da kallon allo kawai ba, sai ka kife allon ka kawo da ka malam na saurare, inda ka kakare a ɗora ka. Kuma babu mahaddacin da yake zuba sabon karatu ya bar na baya, kullum akwai tilawar abinda ya wuce, na jiya da na makon jiya da na watan jiya ana zagayo dasu. Sabon karatu kuma bayan asuba ake ɗaukarsa lokacin kai na sanyi. Ta ɗauki wannan tsarin ta ɗora akan Kimistirinta, ta kwanta da wuri ta tashi da asuba, zata ga bambanci in sha Allah.

Malam Bala mai Kimistiri:
Allah ya saka da alheri Alaramma, wannan shi ne daidai. Wani Bajamushe Ebbinghaus tun 1885 ya auna yadda mantuwa ke aiki, ya nuna mafi yawan abinda mutum ya koya yana zubewa ne a farko farko in ba a waiwaye shi ba, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. Abinda makarantun allo suke yi kenan tun kafin a haife shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hajiya Maman Sadiq:
Ni dai bari in yi magana a matsayina na uwa, don naga kamar za a jingina komai akan mahaifinta. Ku da baku fara biyan kuɗin makaranta ba baku san yadda abin yake ba, kuɗin rijistar WAEC daban na NECO daban na JAMB daban ga lesin ga littattafai ga kuɗin mota, wani uban sai ya ci bashi, wata uwar sai ta saida tunkiyarta ko ɗan kunnenta. Sannan mu a nan arewa muna kukan ƙarancin likitoci mata, kowace mace ta san abinda take ji in taje awo ko haihuwa ta tarar namiji ne zai duba ta. Uban da yace 'yarsa ta zama likita ba mugunta yake nufi ba, ya yarda da ita ne.

Anti Hauwa:
Hajiya wlh ba zarginsa nake ba, Baba yana ƙoƙari iya ƙarfinsa kuma ita ma ta san haka, shi ne ma abinda ke cinta, tace min in bata samu ba da wane ido zata kalle shi bayan duk abinda ya kashe. Shi kuma bai san halin da take ciki ba, da ya shigo gida zata gyara fuska ta gaishe shi kamar ba komai.

Hajiya Maman Sadiq:
To nan ne gyaran yake 'yata. Yarinya ba zata iya tsayawa gaban mahaifinta tace Baba maganarka na tsorata ni ba, kunya ba zata barta ba, ke ma ba lallai ya saurare ki yadda ake so ba. Ku nemi wanda yake jin nauyinsa, yayarsa in yana da ita ko kawunku ko amininsa, a same shi a keɓe a gaya masa yarinyar nan bata barci. Ba cewa za a yi ya janye burinsa ba, kalma ɗaya ake so ta fito daga bakinsa, ya kira ta yace mata kiyi iya ƙoƙarinki, duk abinda Allah ya ba ki ni mahaifinki ne kuma na gode. Wlh wannan kalmar daga bakin uba ta fi duk lallashin da ku zaku yi mata. Kuma a roƙe shi ya daina kiranta likita a gaban baƙi har a gama, ku ma a gidan a rage mata aikin girki da wanke-wanke na wannan lokacin, don na san halinmu, namiji in zai zana jarrabawa ana ce masa je ka karatu, mace kuwa sai ta gama tuwon dare tukuna.

Ummu Hanan:
Hajiya Allah ya biya ki da wannan maganar ta ƙarshe, gsky ita ce ba a faɗa. Yarinya ta dawo daga makaranta ta wuce islamiyya ta dawo ta ɗora tukunya, yaushe zata yi karatun in ba tsakar dare ba? Kwanan zaunen nan wani lokacin ba zaɓinta bane, lokacin kawai ya rage mata kenan.

Sarkin Yaƙi:
Ni fa ina ganin kuna wahalar da kanku ne. Akwai santocin jarrabawa da ake kai yara a biya a taimaka musu a WAEC da NECO, kowa ya sani, 'ya'yan manya ma can ake kai su. A kai ta can hankalinta ya kwanta ta fuskanci JAMB kaɗai, in an samu kiredit biyar da Turanci da Lissafi ai shikenan.

Malam Bala mai Kimistiri:
Sarkin Yaƙi ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ka bar maganar haramci ma da dokar satar jarrabawa ta 1999 wadda ta tanadi tara da ɗauri, ka dubi abin ta fuskar hankalin yarinyar da muke magana akai. Irin santocin nan su ne ake riƙe wa sakamako, wani lokacin a soke na senta gaba ɗaya har da wanda bai ji ba bai gani ba, yaro ya zauna wata da watanni yana zullumin za a saki ko ba za a saki ba, wannan fargabar ta fi ta jarrabawar tsawo. Kuma yarinya mai ƙoƙari in ka kai ta can abinda ka gaya mata shi ne bamu yarda zaki iya ba. Sannan a ce ta shiga likitancin da amsar wani, wa zai zana mata jarrabawar aji biyu a jami'a inda ake tankaɗe mutane?
Ku tuna abinda ya faru a watan Mayun 2025 da takardar Turanci ta WAEC, yara a jihohi da dama suka kai dare suna rubutu da tocila da fitilar waya, hukumar tace ƙoƙarin toshe fitar tambayoyi ne ya jawo jinkirin. Masu neman satar amsa suka jawo, yaran da suka yi karatu tsakaninsu da Allah suka sha wahalar. Haka masu turo saƙo a WhatsApp wai a tura kuɗi zasu ƙara wa yaro makin JAMB, damfara ce zalla, suna cin kasuwarsu ne akan tsoron iyaye.

Sarkin Yaƙi:
To Malam in ta yi tsakani da Allah ɗin kuma bata samu ba fa? Shekara guda ta tafi kenan.

Malam Bala mai Kimistiri:
Wannan tambayar ita ya kamata a zauna da yarinyar a amsa mata tun yanzu, don abinda ke firgita yara shi ne suna ganin ƙofa ɗaya ce tak. A JAMB ta 2025 cikin sama da mutum miliyan 1.9 da suka zana sama da miliyan 1.5 basu kai maki 200 ba. A shekarar ce ma aka samu matsalar na'ura har shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida ya bada haƙuri yana hawaye, aka sake wa mutum 379,997 jarrabawa a Legas da jihohin kudu maso gabas. Kunga maki ɗaya na rana ɗaya ba shi ne ma'aunin kan yaro ba.
Likitanci gurbinsa kaɗan ne masu nema kuma dubbai, wannan gaskiya ce kar a ɓoye mata. Amma da darussan nan huɗu, Turanci da Fizis da Kimistiri da Bayoloji, ana neman aikin jinya da haɗa magunguna da gwaje-gwajen asibiti da ɗaukar hoton ƙashi da gashin ƙashi, kuma JAMB na bada damar canza kwas ko makaranta bayan sakamako ya fito. Akwai jarrabawar IJMB da jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita wadda ake shiga aji biyu na jami'a da ita, akwai makarantar share fage ta Funtuwa. In darasi ɗaya ya ƙi a WAEC ga NECO, kwasa-kwasai da yawa ana karɓar haɗin zama biyu, sai dai a duba sharaɗin kowace jami'a don likitanci wasu zama ɗaya suke so. Ga kuma WAEC da NECO ta masu zaman kansu ta ƙarshen shekara. JAMB kuwa duk shekara ake yi, kuma a ajin likitanci akwai da yawa da ba a karon farko suka shiga ba. Yaron da ya san akwai hanya ta biyu ya fi nutsuwa a ta farkon.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ina biye da ku daga Nijar. Mu nan BEPC ta gama ƙaramar sakandare da BAC ta gama babbar sakandare muke yi, kuma ciwon guda ne. BAC ɗinmu sai ka samu matsakaicin maki 10 bisa 20, wanda ya kusa kai wa a ba shi zagaye na biyu, wanda ya faɗi kuwa shekara ce zai maimaita ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare. Abinda ke taimakon ɗalibai nan shi ne karatun ƙungiya, mutum huɗu ko biyar su samu baƙin allo a ƙofar gida ko cikin lakwal da marece, kowa ya tashi bi da bi ya yi wa sauran bayani da alli. Wanda ya iya yi wa wani bayani ya tabbata ya gane, kuma in kaga abokinka ma yana kakarewa sai ka san ba kai kaɗai bane. Ƙanwarku ita kaɗai take karatu cikin dare, kaɗaicin ma yana ƙara tsoro. Ku nemo mata ƙawaye biyu masu hankali su riƙa zuwa gida da la'asar.

Abba ɗan jami'a:
Gaskiya ne, amma a zaɓi ƙawayen da kyau, don akwai waɗanda zamansu ƙara tsoro ne, kullum labarinsu wance ta gama littafi kaza sau kaza, bana ance tambayoyin zasu yi zafi. Irin wannan yana da yawa a guruf ɗin WhatsApp na 'yan aji, in da hali ta fita daga ciki ko ta kashe sanarwarsu har a gama.
Kuma ku sani abin baya ƙarewa a JAMB, mu nan jami'a lokacin jarrabawa azuzuwa cike suke har asuba, kwanan karatu ya zama kamar wajibi, musamman bayan yajin aikin ASUU na 2022 da ya ɗauki wata takwas aka dawo ana matse zangon karatu. Wani da muke ɗaki ɗaya ya kwana biyu a jere bai runtsa ba saboda wani kwas da yake tsoron kariyoba, ya shiga jarrabawar ya zauna yana kallon takarda kansa ya ɗauke gaba ɗaya, abinda shi ya koya mana da bakinsa mu muka rubuta shi ya kasa. Gara ta koyi tsarin tun yanzu don gaba zai yi mata amfani.

Nas Rabi:
Abba ka tuna min wani abu mai muhimmanci. Anti Hauwa ki sa ido kar wata ƙawa ta ba ta ƙwaya wai ta hana barci ko ta buɗe kai, da yawa daga nan suke fara taramol, wasu kuma in barcin ya ƙi zuwa su koma maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana shigo dashi da haɗa shi tun 2018 saboda ɓarnar da yayi wa matasa. Babu ƙwayar dake buɗe kai, kuma kar a sayo mata maganin barci a kemis ba tare da likita ya gani ba.
Ga abinda zata dinga yi in taji gabanta ya fara faɗuwa, ko a gida ko a ɗakin jarrabawa, ta ajiye biro ta sa ƙafafunta biyu a ƙasa, ta ja numfashi ta hanci tana ƙirga huɗu a zuci, ta sake shi a hankali ta baki tana ƙirga shida, ta maimaita kamar minti ɗaya. Fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya. Amma ta fara saba wa dashi tun yanzu, in sai ranar zata gwada ba zata tuna ba. Ta dinga ɗan fita tana taka ƙafa ko cikin tsakar gida ne, ta sha ruwa sosai da zafin nan.
In an gyara barci da abinci an yi kamar sati biyu babu sauƙi, ko tana ramewa, ko numfashinta na sarƙewa tana jin kamar zata mutu, ku kai ta asibiti, a duba jininta ma don ƙarancin jini da gyambon ciki suna kawo wasu alamun nan. In kuwa kika ji ta furta gara ta mutu ko rayuwarta bata da amfani, ko da sau ɗaya ne ko da cikin kuka ne, kar ki ɗauka magana ce kawai, kar a barta ita kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunta zai kai, a tafi asibiti a ranar. Asibitin koyarwa na Aminu Kano yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ga na Dawanau, a Kaduna akwai na tarayya a Barnawa, Sakkwato akwai na Kware, Maiduguri ma akwai. Zuwa can ba yana nufin hauka ba.

Ɗan Fagge:
Ni dai abinda zan ƙara, in za a rage mata aiki a kuma karɓe wayar da daddare, don fitilar wayar da ake karatu da ita cikinta TikTok yake. A saya mata fitila mai caji.

Ummu Hanan:
Wannan kam gaskiyarka. Sai wani abu da mata ke mantawa, kar ta kuskura ta sa lalle a yatsunta gab da JAMB, hukumar ta sha yin gargaɗi akai don na'urar ɗaukar zanen yatsa bata karantawa, kuma in bata tantance ka ba baka shiga. Ki duba in akwai bikin da za a yi a dangi kusa da lokacin ki hana ta tun wuri. Ba ƙaramin tashin hankali bane yarinya ta gama shiri a tsayar da ita a bakin ƙofa saboda ƙunshi.

Maman Ilham:
Dan Allah nima ku taimaka min, nawa ɗan a makarantar gwamnati yake a ƙauye, bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar rijista, shi duk tsoronsa kar ya danna wani abu komai ya goge.

Malam Bala mai Kimistiri:
Maman Ilham ki kwantar masa da hankali, ba sai ya iya kwamfuta ba, ko linzamin ma ba dole ya taɓa ba. A B C D su ne na zaɓar amsa, N ta kai shi tambaya ta gaba, P ta dawo dashi baya, S ita ce ta miƙa aiki don haka kar ya kusance ta sai ya gama. Zai iya canza amsa ko ya tsallake tambaya ya dawo mata, kuma ba a rage maki don an yi kuskure, kar ya bar ko ɗaya babu amsa. In tambaya ta tsaya masa ya wuce, ya fara da darasin da ya fi ƙarfi a kai don jikinsa ya saki. Akwai kalkuleta a jikin allon, ba a shiga da waya ko agogo. In kwamfutar ta tsaya ko ta mutu ya ɗaga hannu ya kira masu kula, kar ya taɓa komai da kansa.
Ki samu wani shagon kwamfuta a garin da ya fi kusa daku wanda yake da manhajar gwaji, ya je ya zauna ko sau biyu ne kafin ranar. In ya fitar da silif ɗinsa kuma ku duba sunan senta da lokaci da kyau, wani ya raka shi ya ga wajen tun ana gobe, in da nisa ya kwana a garin wajen 'yan uwa, don masu zaman farko da sassafe ake fara tantance su.

Maman Ilham:
Na gode Malam Allah ya ƙara basira. Yayansa yana Zariya, in can aka tura shi sai ya sauka wajensa, gobe in sha Allah zan aika shi shagon kwamfutar da ke bakin tasha ya tambayo ko suna da manhajar.